Ragowar Faifai

Ranar da muka dawo daga kai Baba makwancinsa, zauren gidanmu na Ɗansoshiya bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har gindin ɗorawar ƙofar gida. Tsakiyar damina ce, aikin gona ya yi wa kowa yawa, amma mutane suka ajiye fartanya suka zo, daga Kiru, daga Bebeji, wasu har daga Tudun Wada a kan jakuna. Kowa ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta," sannan ya kawo abin da ya sani game da mamacin.

Liman ya ce tun da yake jan salla bai taɓa sallamewa ya waiwayo bai ga Baba a sahun gaba ba. Wani tsoho da suka taso tare da Baba, wanda ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna, ya share ido da bakin rawaninsa ya ce, "To, tururuwan gidan nan yau sun samu 'yanci. Mutumin da ko ƙwayar gero bai taɓa bari sun ja ba." Aka yi ɗan murmushi irin na gidan makoki. Daga cikin gida kuma ana jiyo mata suna gaya wa Inna, mahaifiyata, cewa ta yi dacen miji, wanda bai taɓa raina abin da aka ajiye masa a akushi ba.

Sai ɗan barandan da yake sayen gyaɗarmu ya gyara zama ya ce, "Ni shaida ɗaya zan bayar. Tun da nake ɗora buhu a sikeli, buhun bawan Allahn nan ne kaɗai ba na zura hannu in duba. Wallahi ko ƙwaya ɗaya ruɓaɓɓiya ban taɓa samu a ciki ba."

Jama'a suka ce, "Allahu akbar! Halin kirki ke nan."

Ni ne ɗan farin Baba, ni nake zaune kusa da Liman ina amsa gaisuwa. Na ce amin tare da kowa, amma maganar nan ta dame ni, domin na san inda ruɓaɓɓun ƙwayoyin suke tafiya. Kuma duk wanda ya san gidanmu, idan zai tashi sai ya rage murya ya tambaye ni, "Goggonku fa? Ba ta iso ba?" In ce tana hanya.

Wannan abu ya faru a shekarun hamsinoni, lokacin da gyaɗa take tashe, kafin Bature ya tattara ya tafi. Yau cikin waɗanda suka zauna a tabarmin nan ban san wanda ya rage ba in ba ni ba. Jikokina sun san sunan Baba ne kawai saboda an mayar wa wasunsu. Ba na so in bi shi ban faɗa musu ko wane ne shi ba.

Dogo ne, siriri, mai saurin tafiya, kansa kullum a sunkuye. Baƙo sai ya ɗauka tawali'u ne ya sunkuyar da shi. Akwai tawali'un, amma gaskiyar magana ƙasa yake dubawa, ko wani ya zubar da abin ci. Idan ya ga ƙwayar dawa a tsakar gida sai ya tsaya ya ɗauka, ya hure ta, ya jefa a aljihu, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Wa ya ƙoshi a gidan nan?" Ƙanzon tukunya nasa ne. Tuwon da ya kwana ya soma tsami nasa ne. Ba rowa ce ba, don matafiyi bai taɓa kwana a zaurenmu da yunwa ba, kuma akushin baƙo ya fi nasa man shanu. Zubarwa ce kawai ba ya iya gani.

Dalilin kowa ya san shi, ko da yake shi ba ya faɗa. Yana yaro aka yi wata babbar yunwa da ta share gidansu, uwa da uba da 'yan'uwa, ba ta bar kowa ba sai shi da ƙanwarsa, wadda muke kira Goggo, shi kuma yake kiranta Auta har ta yi furfura. Shi ya goya ta yana bin gonakin da aka riga aka girbe, yana tonon abin da masu gona suka bari. A ƙarshe wata Bafulatana ta wajen Falgore ta ji tausayinsu ta karɓi yarinyar ta riƙe, a can ta girma, a can ta yi aure cikin masu shanu. Duk shekara bayan kaka takan zo mana da man shanu a ƙwarya, ta yi kwanaki, su zauna a zaure ita da Baba suna musu a kan komai. Ita kaɗai ce a duniya take iya ce masa, "Ba haka ba ne, Yaya."

Ni kuwa tsakanina da shi akwai kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba. "Kai," ko "Ina wancan?" shi ke nan. Duk wasan da bai yi da ni ba sai ya tara shi ya juye wa 'yata ta fari. Tun tana rarrafe yake kiranta amaryarsa. Da ta soma tafiya, kullum da hantsi tana zaure a gefensa.

"Amarya, yau ma ba ki yi mini tuwo ba? Zan sake ki fa."

"Ka sake ni mana, tsoho mai furfura!"

Ya yi dariya har ya ƙware, ya jawo ƙoƙonsa ya ɗebo mata gyaɗa.

Ƙoƙon nan shi ne maganar. A shekarun nan duk wanda yake da gona ya shuka gyaɗa, ana loda ta a motoci zuwa Kano inda ake tara buhuna kamar duwatsu. Masu saye ba sa son mai lahani. Don haka idan an ɓare gyaɗa an sheƙe, sai mata su baza ta a faifai su tsince: lafiyayya ta tafi buhu, wadda ta motse, da wadda ta yi baƙi, da wadda fumfuna ta kama ta yi kore-kore a ciki, a ware gefe. A gidanmu ragowar faifai muke ce mata. Wasu gidajen sukan cusa ta a tsakiyar buhu su rufe da mai kyau. Baba ya ce wannan ha'inci ne, ba a gidansa ba. Wasu sukan haɗa ta da ta miya ko ta ƙuli-ƙuli kowa ya ci. Baba ya ce a'a, yaransa ba za su ci ɗaci yana raye ba. A zubar kuwa, wa zai furta? Sai ya zama ana soya masa ita a zuba a wata tukunya a ɗakinsa, kullum ya cika ƙoƙo ya fito da shi zaure, yana tufkar igiya yana jefawa a baki. Daga kaka zuwa kaka haka yake, shekara da shekaru. Idan ya tauna mai ɗaci sosai sai ya yamutse fuska ya haɗiye, ya ce, "Abin da ka shuka da hannunka ba ya cin ka."

Na tuna shekarar da maƙwabcinmu ya kwanta ciwo, irinsa ya lalace a rumbu. Baba ya buɗe tukunyar irinmu, zaɓaɓɓiyar gyaɗa jajir, ya ɗebar masa abin da zai ishi gonarsa, ya ce in kai da sassafe kafin mutane su fito, kada a gani ya ji kunya. Na dawo na same shi a zaure yana taunar baƙaƙen nan nasa hankali kwance.

Sai wata shekara ruwan ƙarshe ya yaudare mu. Mun cire gyaɗa mun baza ta a gona tana shan iska, kowa ya ce damina ta tafi, sai ga hadari ya dawo ya yi ta zuba. Nan kudu haka ruwanmu yake, ba ya sallama da wuri. Kafin mu kwashe, danshi ya shige ta. Ragowar faifai ta wannan shekara ta kusa kai mai kyau yawa, tukwane suka cika a ɗakin Baba. Da Goggo ta zo za ta koma, ya ɗaura mata wata a tsumma ya ce ta kai wa dabbobinta.

Da shekara ta zagayo ta dawo, ko hutawa ba ta yi ba. Ta shigo zaure ta tarar da 'yata zaune, hannunta cike da gyaɗar ƙoƙo. Ina wajen, ina gyaran ƙotar gatari. Goggo ta ajiye ƙwaryarta, ta kama hannun yarinyar ta buɗe, ta kaɗe abin da ke ciki.

"Yaya, wannan abin kake ba ta?"

"Sannu da zuwa, Auta. A rugarku ba a gaisuwa ne?"

"Gaisuwa ta jira. Wadda ka ba ni bara, na daka na zuba wa 'yan agwagina, kafin sati ya zagayo sun ƙare ƙaf. Ɗan maraƙinmu ya ci saura, ya yi ta ramewa har aka sa masa wuƙa. Da aka feɗe shi na ga hantarsa da idona, Yaya. Ta yi fari-fari, ta yi tauri, ba wanda ya iya ci."

Baba ya yi dariya. "To ni agwagwa ne? Shekara nawa ina cin abin nan, me ya same ni? Kuma tawa soyayya ce. Wuta ba ta barin komai."

"Wuta ta cire mata ɗacin ne? Harshenka yana gaya maka, kai ne ba ka ji."

"Auta, abinci ne."

"Ba abinci ba ne!"

Kafin kowa ya motsa ta sure ƙoƙon, ta fita ƙofar gida, ta watsar da shi a juji, a gaban mutanen da ke zaune gindin ɗorawa. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi haka ba. Bai ɗaga murya ba. Ya tashi ya fita, dattijo mai jikoki, ya durƙusa a kan juji yana tsince gyaɗar nan ɗaya bayan ɗaya, yana hurewa yana mayarwa a ƙoƙo. Da ya gama ya miƙe ya dube ta.

"A shekarar yunwa, da irin wannan na raya ki. Wadda ta fi wannan baƙi na tauna na sa miki a baki. Yau kin sha nono kin ƙoshi."

Goggo ta fashe da kuka. "Ka raya ni ne don in zo in binne ka? Wa gare ni in ba kai ba?"

"Wanda ya zubar mini da abinci, ni ya zubar."

Ta goge fuska ta ce muddin ƙoƙon nan yana zauren nan, ƙafarta ba za ta ƙara taka shi ba. Inna ta fito ta riƙe ta, ta ce harshe da haƙori ma sukan saɓa, ta kwana tukuna. Ta ƙi. Ta bar man shanun ta juya a ranar.

Babu wanda ya goyi bayanta a garin. Aka ce zaman daji ya sa mata tsirfa, ina ruwan cikin mutum da cikin agwagwa? Mu ma a gida haka muka gani. Matata ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba, takan yi ƙoƙarin tsare yarinyar a cikin gida, amma wa zai raba amarya da angonta? Da an ɗauke ido ta sulale zaure, mu hango ta tana tauna. Suruka ba ta da bakin yi wa uban miji magana, ni kuma ga kunya. Sai dai matata ta riƙa duba idon yarinyar da safe, tana taɓa cikinta.

Kaka ta zo ta wuce, Goggo ba ta zo ba. Wata ta sake zuwa, shiru. Baba bai taɓa ambatonta ba, amma idan Fulani masu tallan nono suka biyo ta ƙofar gida sai ya tsayar da su ya yi ta tambayar labarin Falgore, ruwa ya sauka, shanu lafiya, mutane fa, duk mutane lafiya? Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Su biyun nan kowa yana da ƙafa, kowa yana jiran ta ɗan'uwansa.

Ciwon ya soma ne a hankali. Mutumin da ba ya barin ƙanzo ya soma rage tuwo. Ya riƙa dafe gefen cikinsa na dama idan zai tashi. Idonsa ya yi rawaya, aka ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi, aka yi rubutu ya sha. Jikinsa yana zubewa, cikin yana tasowa. Wasu suka soma raɗe-raɗin sammu, Baba ya ce kada ya ƙara jin wannan magana, bai cuci kowa ba, ba ya zargin kowa. Da farkon damina muka ɗora shi a jaki zuwa bakin titi, muka shiga motar kaya zuwa asibiti a Kano. Likita ya daddanna cikin, ya kira ni gefe ta bakin tafinta, ya ce daji ne ya kama hanta, kuma ya yi nisa, gara mu kai shi gida cikin iyalinsa. Na ce me ke kawo shi? Ya ce ba su sani ba. Da na ji an ce hanta, sai maraƙin Goggo ya faɗo mini a rai, duk hanyar dawowa ban iya fitar da shi ba.

Sai bayan shekaru masu yawa, ina da furfura ni ma, na ji likitoci a rediyo suna bayanin cewa fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan sun sha danshi tana da dafi, suya ba ta kashe shi, kuma yana taruwa a jiki a hankali yana cin hanta, yana cikin abubuwan da ke jawo dajinta. Suka ce a busar da amfanin gona sosai, a tsince mai lahani a zubar, kada mutum ya ci, kada a ba dabba. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na san kuma akwai waɗanda suka ci suka tsufa lafiya. Amma Allah ya yi wa kowane abu sanadi. Ranar na kashe rediyon na daɗe zaune, baƙin ciki ya cika ni, don maganar da Goggo ta faɗa ke nan a zaurenmu, aka ce tsirfa ce.

Da muka dawo da shi daga Kano ya ce a shimfiɗa masa a zaure, ba ya son ɗaki. Ƙoƙon yana gefensa a cike, ko da yake ba ya iya cin komai sai kunu. Wata rana da hantsi 'yata ta shigo ta zauna inda ta saba.

"Ango, yau ba ka ba ni ba."

Ta miƙa hannu za ta ɗiba da kanta. Hannun nan nasa da ya zama ƙashi ya yi wuf ya riƙe nata. Ya laluba aljihun rigarsa ya fito da 'yan ƙwayoyi, jajaye, cikakku, irin na buhu, ya zuba mata. Ta fita tana tsalle.

Ya dubi rufin zaure, sannan ya ce, "Kai."

Na matso na durƙusa.

"Ka aika a kira Auta. In ban kai ba, ka gaya mata, tun ranar da ta tafi amaryata ba ta ƙara cin ko ƙwaya ɗaya daga ƙoƙon nan ba. Daga aljihu nake ba ta, in yi kamar na ɗebo a ƙoƙo."

Can na yi ƙarfin hali na yi masa tambayar da ban taɓa yi masa irinta ba. "Baba, to kai me ya sa ba ka bari ba?"

"In na bari, wa zai ci? Ku? Ko in sa a buhu in cuci wanda ban sani ba?" Ya numfasa. "Hannuna ba zai iya zubarwa ba. Nata zai iya. Ka ba ta ƙoƙon, da na tukwanen duka."

A ranar ƙanena ya kama hanyar Falgore. Amma damina ta kankama, rafuka sun ciko sun yanke hanya, ya yi kwanaki a bakin ruwa kafin ya haye, su ma da suka taho haka suka yi. Baba yakan buɗe ido duk lokacin da aka yi sallama a ƙofar zaure, ya ga ba ita ba ce, ya mayar ya rufe. Ranar wata Alhamis da la'asar ya cika.

Goggo ta iso bayan an yi sadakar uku, zanenta duk laka. Ta tsaya a bakin zaure ba ta shiga ba, tana kallon wurin shimfiɗarsa. Ƙoƙon yana nan inda ya bar shi. Na ɗauko na fito da shi, na durƙusa a gabanta na gaya mata saƙon, kalma da kalma yadda ya faɗa.

Ta ce, "Daga aljihu?"

Na ce, "Daga aljihu, Goggo."

"Duk tsawon lokacin nan? Shi ne bai aiko ya gaya mini ba?" Ta nemi 'yata da ido, ta jawo ta, ta buɗe mata ido ta duba, ta shafa cikinta, ta rungume ta har yarinyar ta soma mutsu-mutsu. Yarinyar nan yau tana nan da ranta, ita ma ta yi jikoki.

Sannan Goggo ta ce in kawo fartanya. Ba ta yarda a watsa a juji ba, ta ce kaji za su tona. Ta kai ni bayan gida ta sa na haƙa rami mai zurfi, ƙannena suka fito da tukwanen aka juye. Ƙoƙon ne na ƙarshe, yana hannunta. Matar da ta taɓa watsar da shi cikin ƙiftawar ido, sai ga ta tsaye a bakin rami, ta kasa. Mu duka muka tsaya muna jiranta. Can ta karkata shi a hankali, gyaɗar ta zube.

Ta dubi wajen zaure, ta ce da muryar da take yi masa musu da ita, "Yaya, ga shi na sake zubarwa. Taso mana ka tsince."

Babu wanda ya tsince. Na mayar da ƙasa na rufe.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya karɓi shaidar da mutane suka yi masa. Ya jiƙan Goggo, ya sada ta da Yayanta a gidan da babu yunwa.